HANNU KO ZUCIYA, WA KE DA LAIFI?

Kwanan baya wani abu ya faru a makarantarmu, nan ƙasar Gwiwa, wanda ya sa muka kwana muna tunani. Da aka tashi tara, wani yaro ya ɗauki dutse ya jefi tsamiyar da ke bakin fili don ya kaɗo 'ya'yanta. Dutsen ya kauce wa reshe, ya sauka a goshin wani ɗan aji ɗaya da ke zaune bayan itacen, jini ya yi ta zuba. Ba a gama wanke masa raunin ba sai ga ƙara ta biyu. Wani yaro dabam ya yi faɗa da abokinsa a kan fensir, ya ɗauki dutse ya auna kansa ya saki. Allah ya kiyaye, abokin ya sunkuya, dutsen ya wuce ya bugi bango. Aka kawo mana su biyun. Ɗaya ya zub da jini bai nufa ba, ɗaya ya nufa bai zubar ba.

Muka tambayi 'yan babban aji, muka ce, "Cikin su biyun nan wa ya fi laifi?" Yawancinsu suka nuna na fari, don sun ga jini da idonsu. 'Yan kaɗan suka nuna na biyu, suka ce ai shi ne mugun. To, ku 'yan makaranta, kada ku raina wannan tambaya don ta fito daga gindin tsamiya. Ita ce ta sha kan manyan malamai da alƙalai tun zamanin da, a kanta kuwa a ke kashe mutum ko a bar shi da ransa.

Masana shari'a sun ce laifi ƙafa biyu gare shi, watau aiki da niyya. In babu ɗaya, ba ya tsayawa sosai gaban alƙali. Mutum ya kan kwana yana ƙulla mugunta a zuciyarsa, gari ya waye ya fasa. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ba ɗan sandan da zai kama shi, domin da ana ɗaure mutane saboda abin da suka saƙa a zuci, da ba a sami mai tsaron gidan yari ba. Har wa yau aiki shi kaɗai bai isa ba. Wanda ya ɗauki buta a bakin masallaci yana zaton tasa ce, da wanda ya ɗauke ta ya san ta wani ce, hannunsu abu ɗaya ya yi, amma ɗaya ne kaɗai ɓarawo. Waɗanda suka yi karatun allo sun sani hadisin farko cikin arba'in ɗin da Imam Nawawi ya tattara a kan niyya ya ke magana. Alƙalan Ingila kuma daɗaɗɗiyar ƙa'idarsu ita ce, aiki ba ya mai da mutum mai laifi sai zuciyarsa ta yi tarayya a ciki.

Bari mu buga misali da mutum uku. Mu ƙaddara Tanko maharbi ne, ya shiga duwatsun Roni da asuba, ya ga ciyawa na motsi inda ba a saba ganin mutum ba, ya ɗauka gada ce ya harba, ashe wani mai neman itace ne. Mu ƙaddara kuma Ilu ya hau babur ran kasuwa, ya ratsa cikin taro da gudu don kawai a ce ya iya, ya banke tsohuwa. Na uku Jatau, ya wasa wuƙa tun daren jiya, ya laɓe a hanyar gona yana jiran wanda su ke rigimar iyaka da shi. Gawa uku, makoki uku, kukan marayu iri ɗaya. Amma Tanko kuskure ya yi, Ilu sakaci da wauta, Jatau kuwa da gangan. Tanko bai so abin da ya faru ba, bai kuma yi zatonsa ba. Ilu bai so ba, amma ya san yana iya faruwa, bai kula ba. Jatau ya so, ya shirya, ya aikata. Duk shari'ar da ta auna su da mudu ɗaya, ko dai ta zalunci Tanko, ko ta yi wa Jatau sassaucin da bai cancanta ba.

Littattafan Malikiyya da alƙalan ƙasarmu suka gada, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, sun raba kisa gida biyu, na ganganci da na kuskure. Na ganganci hukuncinsa kisasi, in magadan mamaci sun nema. Na kuskure babu kisasi, sai diyya, raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Ba ma shi kaɗai zai biya ba, danginsa na wajen uba su ke haɗawa cikin shekara 3, shi kuma ya yi kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata 2 a jere. Ku 'yan makarantun Mishan kuma kun karanta a cikin Attaura yadda aka keɓe birane 6 na mafaka, don wanda ya kashe mutum ba da nufi ba ya gudu can ya tsira daga mai ramuwar jini. Misalin da aka bayar kuwa na mai saran itace ne, wanda ruwan gatarinsa ya fice daga ƙota ya sami abokin aikinsa. Kun ga ashe hankalin 'yan Adam ya daɗe da haɗuwa a kan wannan magana.

Wani zai ce, to, yaya alƙali zai san abin da ke cikin zuciya, alhali ba ta da taga? Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Alƙali ya kan tambayi abin da ya fi fuska. Da me aka yi dukan, da kara ko da takobi? A ina aka sara, a ƙafa ko a wuya? Sau nawa? Me mutumin ya faɗa kafin abin, me ya yi bayansa? Ya ɗauki wanda ya ji rauni zuwa asibiti, ko ya gudu ya ɓoye makami? Daga waɗannan alamu a ke gane niyya, kamar yadda mai bin sawu ya kan gane inda saniya ta nufa ko da bai gan ta ba. A shekarar 1935, cikin shari'ar wani mutum mai suna Woolmington, manyan alƙalan Ingila suka tabbatar cewa mai ƙara ne zai nuna laifin wanda a ke tuhuma, har da niyyarsa. Haka ma a Shari'ar Musulunci, nauyin kawo shaida yana kan mai da'awa.

Yanzu mun zo inda gizo ke saƙa, watau fushi. Mutum ya kashe wani cikin zafin zuciya, bai shirya ba, bai kuma yi kuskure ba. Ina za a ajiye shi, kusa da Tanko ko kusa da Jatau? A kan wannan tambaya aka yi wata shari'a da ta girgiza Arewa duka.

A zamanin En'e doka iri biyu ke aiki a ƙasar nan. Kotunan sarakuna da na alƙalai suna hukunci da Malikiyya. Kotunan Joji kuwa suna bin wata dokar laifuffuka da Turawa suka kafa a Arewa a 1904, wadda aka kwaikwayo daga ta ƙasar Kwinslan a Ostareliya, aka kuma shimfiɗa ta a Nijeriya duka a 1916. Wani mutum da a ke kira Tsofo Gubba, a ƙasar Gwandu, ya kashe kwarton matarsa. Kotun Sarkin Gwandu ta same shi da kisan ganganci, ta yanke masa hukuncin kisa. Bisa ga Malikiyya ba ta kauce ba, domin a wurin Imam Malik duk wanda ya kai wa wani duka na ƙiyayya da fushi har ya mutu, ganganci ne, ko da sanda ya buge shi. Magana ta yi ta hawa har ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma a shekarar 1947. Alƙalan can suka ce a dokar Turawa wanda aka tsokana tsokana mai tsanani, ya yi kisa nan take kafin zuciyarsa ta huce, ba a kashe shi, ɗauri a ke yi masa. Suka soke hukuncin kisan.

Sarakuna da alƙalan Arewa ba su ji daɗin wannan ba ko kaɗan, don sun ga an sa wata doka bisa Shari'a. A 1948 Gwamnati ta gyara dokar kotunan En'e don ta kwantar musu da hankali, amma rigimar ba ta mutu ba. A 1957, cikin shari'ar Maizabo da En'en Sakkwato, babbar kotun Tarayya ta ce kotun En'e tana iya shari'a da dokarta, sai dai horon da za ta yi kada ya wuce wanda dokar Turawa ta yanka wa wannan aikin. Ku duba fa irin halin da talaka ya shiga. Mutum biyu su yi laifi iri ɗaya, ran ɗaya ya dogara ga ƙofar kotun da aka shigar da shi. Da mulkin kai ya matso, Gwamnatin Sardauna ta kira taron masana a 1958, shugabansu Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Landan, da 'yan ƙasa irin su Wazirin Barno Shettima Kashim. Bisa shawararsu aka tsara dokar Final Kod a 1959, aka ɗauko tsarinta daga ta Sudan, wadda ita ma ta samo asali daga ta Indiya ta 1860. Ta fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960. A cikinta an ce kisan da mutum ya yi sa'ad da tsokana mai tsanani ta ba-zata ta raba shi da ikon kansa, laifi ne babba, ana iya ɗaure shi har iyakar ransa, amma ba a kashe shi. Daga shekarar 2000 kuma jihohin Arewa da dama, har da tamu ta Jigawa, suka komo da dokokin laifuffuka na Shari'a ga Musulmi.

To, wace hanya ta fi? Kada mu yi gaggawa. Wanda ya ce Malikiyya ba ta san rahama ba, bai karanta ta ba. Rahamar tana nan, sai dai a hannun magadan mamaci aka sa ta. Su ke da ikon su yafe, ko su karɓi diyya, an kuwa kwaɗaitar da su ga yafewa. In sun yafe, hukuma ta yi wa mai kisan bulala 100, ta ɗaure shi shekara 1. Dokar Turawa kuwa a hannun alƙali ta sa rahamar, shi zai auna zafin tsokanar. Kowace da hikimarta. Ta farko tana tsoron kada kowane mai zafin kai ya kashe mutum ya ce fushi ne, ga shi mamaci ba ya tashi ya ƙaryata. Ta biyu tana tsoron kada a daidaita wanda wuta ta kama shi ba shiri da wanda ya hura ta da hannunsa. Ta farko tana da haɗarin ran mutum ya rataya ga halin magada, ko masu taushin zuciya ne ko masu riƙo. Ta biyu tana da haɗarin a manta da waɗanda aka bari da maraici.

Mu dai abin da muka gani shi ne, fushi yana rage nauyin laifi, amma ba ya wanke shi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, gaskiya ne, amma warin daddawa bai mai da ɓera mai gaskiya ba. Dalilinmu kuwa shi ne, fushin da ya kai ga kisa ba a ranar a ke haifarsa ba. Manomin da ya tarar da shanu cikin gerorsa da kaka, ko makiyayin da ya ga an sari saniyarsa, abin da zai yi cikin wannan ƙiftawar ido ya danganta ga yadda ya rena zuciyarsa shekara da shekaru. Wanda ya saba sakar mata linzami tun yana yaro, ranar da ya so ja ba za ta tsaya ba. Saboda haka ko da ba shi da niyyar kisa a ranar, yana da alhakin sakacin da ya yi da kansa tun tuni.

Akwai kuma waɗansu uzurori da shari'a ta yarda da su. Na farko ƙuruciya. Final Kod ta 1959 ta ce yaron da bai kai shekara 7 ba ba ya laifi, daga 7 zuwa 12 kuwa sai an ga hankalinsa ya kai ya gane abin da ya ke yi. Na biyu hauka. A Malikiyya gangancin yaro da na mahaukaci kuskure a ke ɗaukarsa, babu kisasi, dangi su biya diyya. A Ingila, cikin 1843, wani mai taɓin hankali, Daniel M'Naghten, ya harbe Edward Drummond, magatakardan Firayim Minista Robert Peel. Kotu ba ta kama shi da laifi ba saboda haukarsa, aka tsare shi a gidan mahaukata har ya mutu. Mutane suka yi ta gunaguni, sai aka tara manyan alƙalai suka tsai da ƙa'ida. Ba kowane mai taɓuwa ke kuɓuta ba, sai wanda ciwon ya hana shi sanin abin da hannunsa ke yi, ko sanin cewa mugun abu ne. Amma wanda ya sha abin maye da kansa, ya kori hankalinsa da hannunsa, ba shi da wannan mafaka. Malikiyya ta ce mashayi in ya yi kisa a kashe shi.

Na uku kariyar kai. Wanda ɗan fashi ya tasam masa da makami yana da ikon ya kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa. Amma ikon nan yana da iyaka. Kada ya wuce gwargwadon abin da zai kau da haɗarin, kuma da haɗarin ya kau, ikon ya ƙare. Wanda ya kwaɓe wuƙa daga hannun ɓarawo ya kare kansa. Wanda ya bi shi bayan ya faɗi ya yi ta sara, ya tashi daga kariya ya koma ramuwa.

Na huɗu tilas da larura, a nan ne kuma shari'o'in suka ja layi mai ƙarfi. Wanda aka ɗora wa bindiga aka ce ya buɗe rumbu, ba ɓarawo ba ne. Amma tilas ba ta halatta kisa. A Malikiyya wanda ya tilasta da wanda aka tilasta duka kisasi na hawansu, Final Kod ma ta cire kisan kai daga wannan uzuri. A shekarar 1884 wani ƙaramin jirgin ruwa na Ingila mai suna Mignonette ya nutse a teku, mutum huɗu suka tsira cikin kwalekwale da ɗan abinci kaɗan, ba ruwan sha. Bayan kusan kwana 20, biyu daga cikinsu, Dudley da Stephens, suka yanka yaron jirgin, Richard Parker, wanda ya riga ya galabaita, suka ci namansa suka rayu. Da suka komo gida kotu ta same su da laifin kisa, ta yanke musu hukuncin mutuwa, daga baya aka sassauta ya koma ɗaurin wata 6. Abin da alƙalan suka nufa shi ne, ba wanda ke da ikon ya auna ransa da na wani ya ce nasa ya fi nauyi. Sun tausaya wa yunwarsu wajen horo, ba su kuwa canja wa aikin suna ba.

Mun san wani zai ce duk waɗannan uzurori ƙofofi ne da maƙaryata za su bi su fice. Lalle wani lokaci a kan yi haka. Amma ku dubi wurin da ba a sauraron uzuri ko ɗaya, watau taron kasuwa sa'ad da aka yi ihun ɓarawo. Taro ba ya tambayar shekarun yaro, ba ya tambaya ko mahaukaci ne, ko butar tasa ce ya zata. Kafin a gane gaskiya an riga an gama, sa'an nan kowa ya saɓa sandarsa ya tafi gida yana cewa ai ba dukansa ne ya kashe ba. Da na sani ƙeya ce. Jinkirin alƙali da yawan tambayoyinsa, waɗanda ke gundurar mutane, su ne katangar da ke tsakaninmu da irin wannan ɓarna. Wanda duk ya ɗaga sanda cikin taron nan kuwa, ya sani ƙafafun laifi biyu sun cika a kansa, ga aiki ga niyya.

Sauran labarin yaranmu biyu. Na fari ba mu kira shi mugu ba, amma ba mu sallame shi haka nan ba, don wanda zai yi jifa a filin makaranta wajibi ne ya duba bayan itace. Muka sa ya raka wanda ya ji rauni ɗakin shan magani, ya kuma je tare da mahaifinsa su ba iyayen yaron haƙuri. Na biyu shi muka fi tsananta wa, ko da ya ke ba wanda ya ji ciwo, domin abin da ya raba shi da zub da jini sunkuyawar abokinsa ce, ba kirkinsa ba. 'Yan ajin suka yi shiru, sai wani ƙarami ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe ke nan wanda ya yi sa'a ba shi ne mai gaskiya ba?" Muka ce masa ya fahimci darasin yau.

Cikinku akwai waɗanda za su zama alƙalai da lauyoyi da 'yan sanda, akwai kuma waɗanda wata rana za a kira su shaida. In ranar ta zo, ku tambayi abin da hannu ya yi, ku kuma tambayi abin da zuciya ta nufa, kada ku yanke magana da ɗaya kaɗai. Wanda ya ga mun karkata a kan maganar fushi, ya rubuto wa Edita hujjarsa, mu kuwa a shirye mu ke mu saurara. Allah ya kiyashe mu da aikin da na sani, amin.